Rairayin Inna a Fadamar Sabuwa

Har yau mutane na tambayata yadda aka yi ƙato da gemunsa ya yi shekaru yana kwana a mota kamar ba shi da dangi. Amsar ba ta da tsawo. Uwata ce ta ƙi shiga ɗaki.

Mu mutanen arewa ne, can bakin hamada, inda in ka ga itace mai ganye sai ka ji kamar ka tsaya ka yi masa sallama. Rairayi ya fara da gonarmu ya cinye, ya zo ya cike rijiyar gari, sannan ya fara leƙo mu ta kan danga. Kowace shekara sai wani gida ya ɗaure kaya. Ni ina da wata tsohuwar bas da nake fatauci da ita, in ɗauko kanwa da gishiri da dabino in bi kasuwannin kudancin Katsina, su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A lokacin daji bai ɓaci ba, mutum na tafiya ba ya waige. Aurena na fari ya riga ya mutu, wannan kuma wani labari ne, ba shi na zo bayarwa ba. Saura ni da Inna, kuma duk dawowar da zan yi sai in tarar ta ƙara ramewa, tana cin rabin yini kafin ta samo ruwa tulu guda.

Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da aka haife ni sunana bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Da ina yaro "kai wancan" ne. Da na sayi bas na samu ƙarin girma, na koma Mai mota.

Na ce mata mu tashi. Ta ce ba inda za ta, mahaifina na kwance a gindin aduwar bayan gari, kuma ta riga ta ga wurinta kusa da shi. Na yi lallashi, na yi fushi, na daki ƙofar mota har na gurɗe yatsa. Sai da ta ga na gaji ta ce:

"Ƙaura dai ba ni yin ta, Mai mota. Amma in rakiya ce, ina raka ka cin kasuwa. Mai rakiya kuwa ba shi shiga ɗaki ya rataye ƙwarya."

Ma'ana a mota za ta zauna, a mota za ta kwana, kuma duk inda muka sauka hancin motar ya dubi arewa, don ta san a shirye muke. Ranar da ta ji jikinta ya canza kuwa, in tayar in maido ta gindin aduwa. Na rantse mata. A raina na ce in ta sha ruwan sanyi ta ga ganye, ita da kanta za ta nemi ɗaki. Ban san uwata ba ke nan.

Da safen da za mu tashi, na gama ɗaure kaya, ta nuna mini wasu buhuna biyu a bakin zaure. Na sunkuya na ciccibi ɗaya, bayana ya ce ƙas.

"Inna, gero ne ko duwatsu?"

"Ƙasa ce."

"Ƙasa? Haba Inna! Rairayin da ya kore mu daga gari shi za mu ba wurin zama a mota?"

"Kai ya kora. Ni bai ce mini komi ba."

Daga gindin aduwar ta ɗebo shi, da ƙoƙo, ta rairaye shi tas kamar garin tuwo. Ta ce za ta yi taimama da shi, za ta zuba kaɗan ƙarƙashin tabarma don ba ta iya kwana a kan ƙarfe. Sannan ta gyara kallabi ta ce, ba tare da ta dube ni ba: "Kuma ba a kwana a kan rantsuwar direba. In ka saɓa na mutu a ƙasar mutane, a shimfiɗa mini shi kafin a kwantar da ni." Na sauke buhun kanwa biyu na sa nata a wurinsu.

Haka bas ta zama gida. Na cire kujerun baya, muka rataya zane ya zama labule, daga labule zuwa baya ɗakin Inna ne, ko ni sai da sallama. Jarkokin ruwa a gefe, akuyarta a bakin ƙofa, kayan sayarwa a kan kariyar saman mota, ni kuma a kan kayan sayarwa. Rufin motar duk tsatsa ta huhhuda shi, wasu hujojin ma ni na ƙara buɗa su da ƙusa don iska ta shiga. A garinmu wannan dabara ce, har wasu direbobi sun kwaikwaya.

Muna gangarowa kudu itatuwa na ƙaruwa, Inna na ƙara yin shiru. Bazara ce, mutanen wurin na kukan fari da zafi, ita kuwa ta manna fuska a gilas tana ƙirga mangwaro da ido. A Ƙanƙara wata mata ta fito da baho cike da ruwan wanki ta watsa a titi. Inna ta buga bayan kujerata.

"Tsaya! Tsaya, Mai mota! Wagga baiwar Allah lahiyarta ƙalau?"

Na ce ƙalau take, haka suke yi. Ta ce a'a, ko dai an yi mata rasuwa. Da muka wuce Mairuwa na gaya mata sunan garin, ta kama haɓa ta ce gari guda a sa masa wannan suna a fili, ba su tsoron baki? Akuya kuwa ranar farko da aka sake ta a ɗanyar ciyawa ta ci har cikinta ya kumbura, ta kwanta tana nishi, sai da na ɗura mata kanwa daga cikin kayan sayarwata.

A wani ƙauye kusa da Sabuwa ina da mai gida, wani Alhaji manomi da ke sayen kanwar shanu a wurina, dattijo mai sanyin magana. Da ya ji da mahaifiyata nake tafe ya sa aka share ɗaki, matarsa Hajiya ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Inna ta yi godiya ta cikin labule har da sa albarka, ta ce ita rakiya ta zo. Alhaji ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce to ba laifi, ga fili bayan gidansa, mu ajiye mota a nan. Ya kai mu wani tudu mai tsakuwa, ƙeƙasasshe, da ɗorawa guda a tsaye.

Daga kan tudun nan kuwa ana hango fadama a ƙasa. Jama'a, a tsakiyar bazara, kore shar! Ciyawa har ƙwauri, ƙasa baƙa mai taushi, iska mai sanyi na tasowa. Inna ta ɗaga labule ta gani, ta sake shi, ta ce a hankali: "Can."

Alhaji ya ce, "Malam direba, can fa ba wurin ajiye mota ba ne. In damina ta kankama, ruwa kwanciya yake yi a wurin, sai kaka yake janyewa."

Daga bayan labule aka ce, "Ka ji ko? Shi da bakinsa ya faɗi."

To a nan sai mutum ya san mu kafin ya yi mana dariya. A garinmu ba mai nuna maka inda ruwa yake. In makiyayi ya ce maka kada ka bi ta kwarin can, ba komai sai ƙaya, to ka tabbata rijiyarsa na wurin. Kuma duk inda ka ga kore nan ake sauka, wanda ya wuce kore ya je ya kwana a tsakuwa sai a ce a duba kansa. Da kunnen nan muka saurari Alhaji, ni da Inna, muka ga dattijo ne mai kirki amma dai ɗan Adam ne, wa zai ba baƙo wurin da ya fi kyau? Na ce masa kada ya damu, ni direban hamada ne, ba ƙasar da ban taka ba. Ya shafa gemu ya ce, "To, Allah ya kyauta." Yanzu na san in mutumin nan yankin ya ce maka haka, ka koma ka sake tunani.

Mun sha daɗi a fadamar nan, ba zan ɓoye ba. Da safe mu tafi kasuwa, yau Faskari, gobe Ƙetare, Inna na zaune a ɗakinta tana duba masu ciniki ta tsagar labule, in wani ya taya dabino da wulaƙanci sai a ji gyaran murya daga ciki. Da yamma mu dawo kan ciyawarmu. Sai an daidaita hancin mota, rana na faɗuwa ta hannun hagunta, in ya karkace ko yaya ne sai na ja da baya na sake. Mutanen ƙauye suka yi ta kallon wannan aiki daga kan tudu, har wata rana liman ya gangaro da kansa, ya gaishe mu, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ba don komai ba, ya ga kamar muna wahalar neman alƙibla ne, to a nan garin gabas take.

Sai ruwa ya zo. Ranar ba kasuwa, bayan azahar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Ruwan garinmu kamar baƙon kunya yake, ya leƙo ya gaisa ya tafi, mutane na roƙonsa ya ƙara zama. Wannan kuwa ya zo da tabarmarsa. Hujojin da na buɗa da ƙusa duk suka fara aiki a tare, kowace da nata zaren ruwa. Na ɗauka Inna za ta yi faɗa, ina! Tsohuwar da ke tashi da ƙyar sai ga ta tana rarrafe tana tara kwano, tukunya, ƙwarya, buta, har murfin samira. Wanda ya cika ta juye a jarka. Jarkoki suka cika, ta sa na fiddo garewanin mai na ɗauraye. Su ma suka cika.

"Inna, ki bari haka, gobe ma za a yi."

"Kun yi shawara da Mai ruwan ne?"

Duk abin da ta tara cikin mota na loda shi, don ba ta yarda a bar ruwa a waje ba mai tsaro. Washegari ma aka yi ruwan, ta dube ni kamar ni na yi laifi, ta ci gaba da tarawa.

Ranar kasuwar Faskari na tayar da mota, na sa giya, na taka totur. Taya ta juya, mota ba ta motsa ba. Manoma na wucewa da fartanya a kafaɗa, suka tsaya. Na ce a raina yau za su ga aiki. A hamada in mota ta kafe a rairayi, iska ake rage wa taya ta baje ta hau kai. Na fito ina taƙama, na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya na sace musu iska, na koma na taka totur har ƙasa. Laka ta tashi sama ta sauko a kan jama'a, motar ta yi wani gurnani, ta nutse a hankali har cikinta ya dafa ƙasa. Can wani mai dogon wuya ya share laka daga fuska ya ce:

"Malam, ka rage mata iskar ne don ta ji daɗin zama?"

Wallahi ba don an riƙe ni ba da ranar an kai mu gaban mai gari. Na faɗa masa maganganu, ya faɗa mini, daga baya shi ne ya fi kowa tura motar. Aka tura, aka sa reshe, aka sa kara. Aka kawo bijiman huɗa aka ɗaura, igiya ta tsinke, mai shanu ya ce shi fa gona na jiransa. Kullum ruwa na ƙaruwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Alhaji bai taɓa cewa ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa fushi. Sai dai kullum ya aiko da tuwon masara, Inna ta ci ta ce Allah ya saka, amma tuwon nan fari ne kawai, ba ya zama a ciki kamar na gero.

Ashe fadamar gonar shinkafar Alhaji ce. Da lokaci ya yi 'ya'yansa suka zo suka gaishe mu da ladabi, suka yi shuka suka kewaye mu, suka bar mana 'yar siririyar hanya da na jera wa duwatsu. Shinkafa ta fito, ta yi tsawo, bas na tsakiya. Tsuntsaye ma suka daina sauka, Alhaji ya ce bana ba ya bukatar mutum-mutumi. In baƙo ya tambayi hanya sai a ce masa ya miƙe har ya hango motar 'yan arewa ya yi dama. Ni kuwa kayan sayarwa a ka nake fitar da su zuwa tudu, in hau acaɓa zuwa kasuwa, direba guda, buhun kanwa a cinya. Kwana kuma ya koma kujerar gaba, ƙafafu ta taga cikin leda. Kwaɗi suka mai da ƙarƙashin motar majalisa. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin halittar da ke da ruwa haka kuma take kuka ba.

Abu ɗaya ne ya kwantar mata da rai: motar ta kafe ne tana duban arewa. Taimama kam dole ta bari, don ko ita ta san ba a taimama ruwa na shigo wa mutum ta taga. Amma buhunan nan ta ɗora su a kan katako, ta lulluɓe da tamfol ɗin da ya kamata a ce ni ke rufa da shi. Kowace safiya sai ta sa hannu ta taɓa ta ji ko sun yi sanyi. Hajiya kuwa ba ta fasa gangarowa ba, ta tattare zane ta bi duwatsu, ta zauna a bakin ƙofa suna hira, kullum ta ƙare da, "Inna, ɗakin nan fa na nan a share." Inna ta ce ta gode, ai sun kusa tafiya.

Wanda ya karya mu sauro ne. Mu ba mu saba da shi ba, shi kuwa ya samu sabon jini. Ni na yi zazzaɓi na tashi. Inna ta kwanta ba ta tashi ba. Jiki zafi kamar garwashi, tana rawar sanyi a cikin bargo, ko kunu ba ya zama. Na kawo magani daga kemis, bai yi ba. Hajiya ta dafo saiwoyi, ba su yi ba. Wata safiya na yi sallama a bakin labule, ta amsa da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Mai mota. Jikin ya canza. Ta da mota."

Na ce to. Na fita na zagaya bayan motar, na tsaya cikin ruwa har gwiwa, na yi kuka kamar yaron goye. Tsoro ne ya kama ni, tsoron da ban taɓa ji ba. Na rantse wa uwata, ga lokaci ya zo, ga mota ta zama tsibiri. Inna kuma ba ta iya zama a kan acaɓa. Na ce a ɗauke ta a kai ta tudu a nemo wata motar, ta ce in aka sauke ta daga wannan to ta yi ƙaura ke nan, gara a bar ta inda take.

Na hau tudu na sami Alhaji, girman kan direban hamada duk na bar shi a laka. Bai bari na gama ba ya aika aka tara mutane. Allah ya taimaka an kwana biyu ba ruwa, fadama ta ɗan ja. Aka zo da bijimai, da sarƙa a maimakon igiya, da famfon hannu aka mayar wa tayoyi iskarsu, mai dogon wuya na bugawa yana kallona, ni ina kallon wani wuri. Aka sauke komai don mota ta yi sauƙi, banda Inna. Da aka fara tuntsurar da jarkoki, ƙarar ruwan na zuba ta sa ta yi wani nishi daga ciki, har Hajiya ta ɗauka ciwon ne. Alhaji da kansa ya ce a tattake shinkafar da ke gaba, a ba shanu hanya.

Aka ɗaga baya da jak a kan katako, aka cusa duwatsu da rassa. Na hau na taka, shanu suka ja. Taya ta murza duwatsun ta tura su cikin laka, ta ci gaba da juyawa a wuri ɗaya, sulɓi kamar an shafa mata kuɓewa. Aka sake, haka. Rana ta ɗaga, gabas ta fara haɗa wani hadarin. Wani tsoho cikin masu shanu ya tsuguna ya duba ya ce:

"Santsi ne ya yi yawa. Da da busasshen yashi a zuba tsakanin rassan nan, da ta kama."

Yashi a ina? Rafi ya cika ya batse, ƙasar gari kuwa duk laka ce da jan marmara. Buhunan Inna na gefe a kan katako, inda aka sauke su, da tamfol ɗinsu. Alhaji ya san abin da ke ciki, don Hajiya ta gaya masa, sai ya kau da kai yana duban shanu. Mai dogon wuya bai sani ba, ya dafa ɗaya ya ce wannan fa, kamar yashi? Na diro daga mota na ce duk wanda ya taɓa buhun nan sai dai a ɗauki gawar ɗayanmu. Har na ɗaga shebur, Allah ya kiyaye.

"Mai mota."

Muryar Inna ce daga cikin mota, ba ta da ƙarfi.

"Kwance su."

Na matsa bakin taga na ce, "Inna, ƙasarki ce fa. In na zuba ta a nan ba ta kwasuwa. In kuma ba mu kai ba..."

"Ni za ka ɗauka ko buhu? Kwance, ka cika ni da surutu."

Da hannuna na kwance bakin buhunan. Rairayin ya zubo fari tas, busasshe, har da ɗuminsa, kamar ranar da ta ɗebo shi. Na bi ƙarƙashin tayoyin baya na zuba, na zuba a gabansu tsakanin rassa, na kakkaɓe buhu. Na hau na ce bismillah. Taya ta juya, ta yi ƙara irin ta gida, ƙarar da na sani, ta kama. Shanu suka ja, mutane suka tura da kabbara, bas ta fito daga raminta tana zubar da laka da kwaɗi, ba ta tsaya ba sai gindin ɗorawar da aka nuna mana tun ranar farko.

Hajiya ta shiga baya ta riƙe Inna. Da muka hau babbar hanya na taka birki. Arewa tafiya ce mai nisa, kuma na san da wuya ta kai. Amma rantsuwa rantsuwa ce. Na ce, "Inna, gida ko asibiti?"

"Asibiti mana. Na zubar da ƙasata a banza ne?"

A asibiti suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mata mugun kamu. Aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo ta bi robar da kallo daga hannunta har sama, ta ce wa Hajiya, "Mutanen ƙasar ga, har ta jijiya ruwa suke ɗura wa mutum." A nan na san ta tashi. Na ce mata to ga shi dai ta kwana a ɗaki. Ta ce asibiti ba ɗaki ba ne, kada in kawo mata rainin hankali.

Da aka sallame ta na cika tanki, na ce ga mota, ga hanya, in tana so mu tafi ko ganin gida ne. Ta ce in fara kai ta fadama. Ta dafa kafaɗar Hajiya suka gangara. Ramin tayoyin na nan, rairayin ya yi zane fari-fari a cikin baƙar laka, shinkafar da aka tattake ta fara miƙewa ta cikinsa. Ta daɗe tana kallo.

"Ka gan shi nan," in ji ta. "Ya kwanta lahiya lau. Bai tashi ya cike rijiyar kowa ba." Ta juya. "Kai motar tudu, ka toshe hujojin nan naka."

Ba ta sake maganar tafiya ba, ba ta kuma shiga ɗaki ba. Damuna da dama ta yi a gindin ɗorawar nan, da gidan sauro, da jarkokinta a jere. Na yi aure a garin, na gina ɗaki, ta sa albarka daga bakin ƙofa. Hancin mota dai arewa, har wata yamma na dawo a gajiye na ajiye ta a karkace, na zauna ina jiran a buga bayan kujera. Ba a buga ba. Ta ce in miƙo mata buta.

A lokacin kaka Inna ta rasu, da hantsi, a kan tabarmarta a bayan labule, ana cikin yankan shinkafa. Da mata suka gama shirya ta, Hajiya ta fito ta kira ni gefe, ta sa mini wani abu a hannu. Ƙulli ne da ta kwanto daga bakin zanen Inna, ƙarami kamar na goro, tsumman har ya yi baƙi don daɗewa. Na san abin da ke ciki tun ban buɗe ba. Ban san ranar da ta ƙulla shi ba, amma na ji muryarta sarai tana cewa ba a kwana a kan rantsuwar direba. Dariya ta kuɓuce mini a gaban mutane, Allah ya yafe mini, kafin in kama ta ta juye ta zama wani abu.

A maƙabarta, da aka gama haƙa, na roƙi liman ya ɗan dakata. Na sauka na kwance ƙullin. Rairayin ko tafin hannuna bai cika ba. Na baje shi a kan jar ƙasar, daidai inda kumatunta zai sauka, sannan na miƙa hannu aka miƙo mini ita.